Sufanar Leonard

Ƙarfe ukun dare a Felixstowe,
gidan tsofaffi ya yi tsit, sai tarin mai ɗaki na tara.
Winifred Garrod idonta biyu.
Shekara casa'in da huɗu, barci ya daina yi mata biyayya.
Ta ce in jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado.

Babu biskit.
Wata 'yar sufana ce da tsatsa ta ci bakinta,
da hoto, da takardar waya mai layi uku
wadda ninki ya kusa raba ta gida huɗu.

"Tess," haka take kirana, Tasalla ta fi ƙarfin harshenta,
"ga babana, Leonard. Dubi kunnuwa."
Na duba. Kunnuwa kam Allah ya ba shi.
Yana tsaye kan fiffiken jirgin sama mai sauka a ruwa,
katako da zane da waya,
abin da ko akuyata ba zan ɗora wa ba.
Bakanike ne. Shi ke kasa kunne a jikin injin
kamar ungozoma a kan cikin wata tara.

Tana 'yar shekara biyar aka tura shi Malta.
Ya rubuto cewa duwatsun can launin zuma gare su,
cewa a ƙofar gida ake tatsar maka akuya,
cewa cikin wata guda jirgi biyu sun sha ruwa:
ɗaya na soja, farfela ta ɓalle masa,
ɗaya na fasinja da buhunan wasiƙu,
masunta suka kwana uku suna tsamo ambulan
suna shanyawa a kan dutse kamar ƙananan kifi.
Ya ce kada a damu,
shi injinsa ya san hannunsa.

Wata Talata suka tashi, sama garau.
Wani masunci ya ce ya ji injin ya yi tari sau biyu,
daga nan shiru.
An ga mai yana kwance bisa ruwa,
da hula ɗaya, ita ma ba tasa ba.
Sufanar kuwa a aljihun rigar da ya bari a bariki aka same ta.
"Da ya tafi da ita..."
Kullum a nan take tsayawa.
Shekara tamanin da tara tana ɗaure noti ɗaya,
ya ƙi ɗauruwa.

Ni aikina in juya ta kada kwanciya ta ci gefenta,
in rubuta lokaci, in rubuta ruwan da ta sha.
Amma daren nan bakina ya suɓuce:
"Ƙanena ma yana can. Sagiru."

Daga Libiya, kwale-kwalen roba, mutum ɗari da ɗoriya.
Saƙonsa na ƙarshe murya ce, daƙiƙa goma sha ɗaya,
iska ta cinye rabi.
Yana cewa sun hango fitila, wai ko Malta ce.
Har yau Inna ta hana a yi sadakar uku.
Wa aka wanke? Wa aka sallata?
Takalmansa na nan bayan ƙyaure, tana kaɗe musu ƙura.

Winifred ta daɗe tana kallona.
Ba ta ce in yi haƙuri ba, na kuwa gode mata.
Sai ta ce, "Yana da sana'a?"
Na ce babur yake gyarawa a bakin tashar Funtuwa.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta,
na ɗaga ta, na ba ta ruwa, na rubuta.
"To," in ji ta, "sun samu abin hira."

Ta damƙa mini sufanar, ta rufe yatsuna a kai.
Dokar gidan ta hana mu karɓar kyauta.
Na jira numfashinta ya daidaita,
na mayar cikin gwangwani, na tura da ƙafa a hankali.

Asuba ta taga: jiragen kaya sun yi layi a tasha.
Wannan wani teku ne daban, mai launin toka,
amma wa ya taɓa yi wa ruwa shinge?
Na yi alwala sau biyu,
warin tsatsa bai bar tafina ba.